Akwatin da bai ga saƙon Kyari ba

Daga admin: wannan ya zo mana daga wani dattijo a Damagaram. Ya ce a sakaya sunansa, kuma sunayen da ke ciki ba na ainihi ba ne. Ga shi yadda ya aiko, ba mu taɓa komai ba. A ba shi amsa da ladabi.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, da masu karantawa su wuce shiru, da masu ba da amsa tun ba su kai ƙarshe ba. Don Allah ku ba ni shawara. Na lura galibi yara ne ke kawo kukansu nan, wannan saurayinta ya daina kira, wancan an hana shi biza, to yau tsoho ne ya shigo layi, ku ɗan matsa mini in zauna, gwiwa ba ta son tsayuwa. Ni tela ne a nan Zinder, ko in ce da tela ne, don ido ya ajiye aiki bai yi shawara da ni ba. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, na yi ta daidai gwargwado, har ranar da mushenmu, malamin ajinmu, ya aika wa mahaifina cewa kaina ya cika, mahaifina ya ce dama ya san ba shi da zurfi, aka ɗauke ni aka ɗora a kan keken ɗinki. Faransancin da ya rage a bakina ya isa in gaida jandarma, bai isa in yi masa gardama ba. Saboda haka in kun ga na kira wani inji da sunan da ba nasa ba, masu ilmin cikinku su gyara a zuciyarsu. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutu, kuma maganar ba ta dariya ba ce ko da kun ga ina sako wasa, ni haka bakina yake, ko a gidan makoki sai na sa masa ido.

Ina da taubashi, zan kira shi Kyari. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da aka kai gidan Barebari a unguwar Birni, tare muka tashi. Waɗanda suka san taubasantaka ba sai na yi musu bayani ba, tun muna yawo ba wando ban taɓa gaya masa magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce ni ne nasa, har gwaggo ta rasu ba ta yanke mana wannan shari'ar ba. Ranar aurena ya miƙe a cikin mutane ya ce a duba amarya da kyau, anya tana gani. Ranar sunan ɗansa na ce Allah ya sa yaro ya biyo uwa, in ba haka ba sai dai a yi masa aure da dare. Haka muke. Ya fi ni karatu, ya kai ga satifika, ya yi aikin awon gyaɗa zamanin da ake gyaɗa, daga baya ya tare a wani ƙauye a bayan Dakusa, ya yi aure a can, ya yi gona, a can aka binne matarsa. Mutanen garin sun riƙe shi hannu biyu, shi ke raka su asibiti ya yi musu tafinta, shi ke shiga gaba in za a je wajen hukuma, yara da yawa a garin sunansa aka sa musu. Da wata ƙungiyar agaji ta buɗe rumbun hatsi a wurin, ba a ma zauna shawara ba, Kyari aka miƙa wa mabuɗi, aka haɗa masa da wata waya mai faɗi kamar allo, ta cikinta yake aika wa buronsu, wato ofishinsu na Zinder, abin da ya rage a rumbu da abin da gari ke bukata.

Ita kuma 'yata, Uwani nake ce mata don sunan mahaifiyata gare ta, a wannan buron take aiki. Ita ce mai kula da rezo, wato hanyar da saƙonnin injuna ke bi, ku mutanen Kano na ji wani suna kuke kiransa. Ta yi karatunta a Yamai ta dawo, uwarta ta rasu, yanzu ita ke riƙe da gida, da ni da ƙannenta. Ba ita ta samo wa Kyari aikin ba, kada wani ya kawo wannan, ya riga ta shiga.

Akwai ranar da na je buron nemanta, ta shigar da ni ɗakin injuna, ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a ƙasar Damagaram, na ce mata in na mutu a ajiye ni nan kafin jama'a su taru. Ta nuna mini wani sabon akwati mai ƙofofi a jere, wayoyi sun shiga ta ko'ina, ta ce sunansa suwic, masu ba da tallafi ne suka aiko da shi, shi ke karɓar kowane saƙo ya miƙa shi ƙofar mai shi kai tsaye, da gudun da ba a taɓa gani ba a gidan. A ƙarƙashinsa kuma ga wani tsoho, fentinsa ya koɗe, fankarsa na tari irin nawa. Ta ce wannan aikinsa sa ido, duk abin da ya shiga da abin da ya fita yana gani yana riƙewa, in gardama ta tashi a tambaye shi. Na cire hula na gaishe shi, nan take na naɗa shi Sarkin Ƙofa. Na tambaye ta me ya sa ba a sake shi ba da aka kawo sabo, ta ce masu tallafin suwic kaɗai suka aiko, kuma direkta ya ce tunda fitilarsa na kamawa babu dalilin taɓa shi. Na ce lalle direktanku ɗan gari ne. Mu nan ba mu yar da abu muddin yana nuna alamar rai, keken ɗinkina ya girmi Uwani, rediyona da roba aka ɗaure shi. A ranar har daɗi na ji da aka bar wa tsoho kujerarsa.

Sai fari ya zo. Kun dai san shekarun nan, ba sai na ba ku labari ba. Damina ta farko ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, aka ce a yi haƙuri, ta biyu aka yi shuka, aka sake, aka kuma sakewa, iska na binnewa. Na ga fari ina saurayi, wanda shanu suka riƙa zubewa a bakin hanyar Tanut, na zaci an gama nuna mini irin wannan. A cikin gari ma famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, bido, jarkokin ruwa, a jere tun daga bakinsa har ka sha kwana. Kuran, wutar lantarki, ya zama baƙo, in ya zo ba a gama yi masa sannu ba ya tafi. A buronsu Uwani gurup, injin ba da wuta, suke tayarwa, amma saboda tsadar mai da safe kawai, kafin azahar an kashe. Wannan ya sa kowa ke yin aikinsa a lokaci guda. Na cikin buro suna tura hotuna da bidiyo zuwa ƙasashen masu tallafi, na ƙauyuka kuma, tun daga Garagumsa har Gidimuni, an ce musu ran Litinin da hantsi za su riƙa aiko da bayanin mako, don a lokacin ne aka tabbata akwai wuta.

Rumbun su Kyari ya kusa ƙasa, rijiyar garin ta koma laka. Ya kira buro ya faɗa da baki, aka ce masa ba a tayar da kamyo, babbar motar hatsi, a kan maganar baki, ya aiko ta cikin wayar nan kamar yadda aka koya masa. A garin babu rezo sai an hau wani tudu. Ran Litinin ya hau, da shekarunsa, ya rubuta, ya danna, ya ce ya ga alamar kore ta fito, wadda ke nuna saƙo ya tafi. An kuma ja musu kunne tun farko kada a aika abu sau biyu, wai yana rikita layi. Ya sauko ya gaya wa mai gari da jama'a cewa kamyo na tafe. To a kan wannan maganar mutane suka zauna. Masu niyyar kai awaki da shanu kasuwa tun suna iya tafiya da ƙafarsu suka fasa, masu niyyar kwashe iyali zuwa kudu suka kwance kaya, don Kyari bai taɓa gaya musu abin da bai tabbata ba. Ya sake kira, aka ce masa kowa jira yake. Da jiran ya yi yawa ya hau amalanke zuwa bakin titi, ya shiga mota ya zo buro da kansa, aka duba aka ce babu wani saƙo daga garinsa, kuma hatsin wannan zagayen an riga an raba. Kafin na gaba ya isa dabbobi sun zube, an binne yara, ban tambayi nawa ba kuma ba na son in sani, gidaje da yawa an cire ƙyaurensu an tafi.

Aka yi bincike, don labari ya kai kunnen masu tallafi. Babbar ordinatar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin ƙauyuka, zafi ya ƙone ta a tsakanin nan, da duk abin da ke cikinta. Ma'aikacin da ke duba saƙonnin ya rantse bai gani ba. Wayar Kyari kuma ba ta ajiye abin da ta aika, da ya tafi take sharewa. Shaida ɗaya ya rage, Sarkin Ƙofa. Direkta ya sa Uwani ta tambaye shi, ta duba ranar, ta duba hantsin, ta ga na wasu garuruwa, ba ta ga na Kyari ba. Ta ce musu akwatin bai gani ba. Direkta ya ce tunda akwatin komai yake gani, ba a aiko ba kenan, ta ce haka ne, don ita ma a lokacin haka ta sani. Ranar ta dawo gida ba ta taɓa abinci ba. Aka karɓe mabuɗi da waya daga hannun Kyari. Ba su ce ya ci komai ba, tsufa suka ce, wai ya zaci ya danna. A garin kuwa ba wanda ya zage shi, da sun zage shi da abin ya zo da sauƙi. Sai dai in ya zo majalisa hira ta tsaya, in ya yi sallama a amsa a taƙaice. Wata mata da ta rasa ɗanta ta aiko masa da kwanon da matarsa ta taɓa ba ta aro tun tana da rai, wankakke, ba a haɗo da ko gaisuwa ba. Bai daɗe ba ya kulle ɗakinsa ya dawo Birni, gidansu na gado.

Na je gaishe shi da makamin da na sani. Tun daga zaure na ɗaga murya na ce ina bawan nan da ya gudo daga ƙauye, na ji har waya ta raina ka. Na tsaya ina jira ya ce, kai da ko zare ba ka iya sawa a allura. Sai ya fito ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce sannu da zuwa Malam, ya gida, ya yara. Malam. Ni. Ya kawo mini ruwa da hannu biyu. Jama'a an zage ni a duniya, masu ɗinkin sallah sun zage ni har kakannina, amma ban taɓa jin abin da ya shige ni kamar wannan ladabin ba. Muka zauna muna gaisawa kamar surukai har na tashi. Tun daga nan kullum sai na je, in kai tsiya in dawo da abata, babu mai karɓa. In Uwani ta je gaishe shi yakan sa mata albarka, ya ce aikinki kika yi 'yata, kada ki sa komai a rai. Ya rame, wandon da na ɗinka masa tun ina gani yanzu sai ya ninka mazagi. Masallacin ƙofar gida kaɗai yake zuwa, shi ma sahun ƙarshe.

Watanni suka wuce a haka. Ran nan bayan la'asar ina tsakar gida, Uwani ta dawo daga aiki ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ta daina tun tana 'yar lakwal. Ta ce Baba akwai magana. Na ce in miji ne a kawo shi in duba haƙoransa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wata abokiyar aikinta ta tura wani abu a gabanta da hantsin Litinin, ya isa inda aka tura shi lafiya lau, amma da ta leƙa akwatin sa ido don wani dalili daban sai ta ga babu shi. Ta sake gwadawa, ta kuma sakewa. Ran Asabar da ba kowa a buro, duk abin da ta tura yana gani. Ran Litinin da hantsi kuwa, wani ya gani, wani ya wuce shi. Na ce to Sarkin Ƙofa gyangyaɗi yake yi kenan, ai mun san halin masu sarauta. Ta ce ba gyangyaɗi ba ne Baba, maƙogwaro ne. Ta tashi ta ɗauko mazurari da kwalba da moɗa cike da ruwa, a wannan marra da ko na alwala aunawa ake, ta zuba a hankali ya shige duka, ta ce wannan Asabar. Ta tuttule sauran gaba ɗaya, mazurari ya cika ya malale a ƙasa, ta ce wannan Litinin.

Ga yadda na fahimta, in na karkace a miƙe ni. A zamanin injin da suwic ya gada saƙonni duka hanya ɗaya suke bi, kamar garin da ke da ƙofa guda, wanda ya zauna a bakinta kowa ta gabansa zai wuce. Sabon suwic ɗin kuwa kowane saƙo ta ƙofarsa yake fita, ba ya bi ta gaban kowa. Don haka sai aka umarce shi ya riƙa yin kwafin duk abin da ya wuce, ya tura wa akwatin sa ido ta ƙofa ɗaya. To ga ƙofofi da yawa suna aiki da gudu, ana tattara kwafinsu ana cusawa ta wuri guda, wurin ma na tsohon akwati ne mai ƙaramin wuya. In abin ya yi yawa suwic ba ya tsayar da aikin mutane don jiran tsoho, saƙo na ainihi ya wuce abinsa, kwafin ne yake zubarwa. Ba ya kuma shelantawa, sai wanda ya san inda zai tono ya tambaye shi, shi ɗin ma da an kashe gurup ya manta. Shi kuwa akwatin, abin da ya iso bakinsa kaɗai ya sani, bai san an zubar da wani abu ba balle ya yi ƙorafi. Ta ce akwai wani zane da yake nunawa, layi mai hawa da sauka gwargwadon yawan saƙo, duk Litinin sai ya hau ya miƙe sak kamar an ja zare. Ita ta ɗauka nan ne iyakar abin da mutane ke aikawa, ashe nan ne iyakar abin da yake iya haɗiyewa. Tana faɗa tana kallon ruwan da ƙasa ke shanyewa.

Na miƙe na ce alhamdu lillahi, bawana ya aiko kenan, miƙo mini takalmi. Ta riƙe mini riga. Ta ce Baba ban ce ya aiko ba. Na ce to me kika ce. Ta ce cewa na yi ban sani ba, kuma ranar da aka tambaye ni, ban sani ba ya kamata in ce. Mai yiwuwa Baba Kyari ya aiko akwatin bai gani ba, mai yiwuwa bai aiko ba, babu abin da zai nuna yanzu. Na ce wannan wane irin ilmi ne, shekara da shekaru a Yamai a dawo mini da ban sani ba, ni ai da shi aka kore ni daga lakwal. Ta yi ɗan murmushi, sannan ta fashe da kuka.

Abin da ta roƙe ni shi ne in yi shiru tukuna. Injin kam ta gyara shi ba tare da ta gaya wa kowa ba, yanzu kwafin ƙofar ƙauyuka kaɗai ake tura wa tsohon, wannan kuwa yana iya haɗiyewa, ba a ƙara cusa masa hotunan buro ba. Saura abin da ya riga ya faru. Tana so ta gaya wa direkta, amma ita ta haɗa tsohon akwatin da sabon inji da hannunta, ita ta ce haka ne a gaban baƙin da suka zo bincike, kuma direktan da ya ce a bar shi tunda fitilarsa na kamawa ba zai tuna ya faɗa ba. An rufe binciken an aika wa masu tallafi, buɗe shi na nufin buro ya ce ya yi kuskure, kuma ido zai koma kan ma'aikacin nan da ya rantse, shi ma mai iyali, shi ma babu shaida a kansa. Wa'adin aikinta kuma bayan kaka yake cika, a lokacin ne ake sabunta wa wanda aka so. Ta ce in yi mata haƙuri zuwa lokacin. Muka yi sa-in-sa, karon farko tun rasuwar uwarta. Na ce mata mutum na narkewa a Birni ke kina duban wata. Ta ce ba ni zan tsaya a gaban direkta ba, kuma in aka sallame ta a irin wannan shekarar wa zai ciyar da gidan, keken ɗinkin da ba na ganin allurarsa? Daga baya ta zo ta durƙusa ta ba ni haƙuri, amma ba ƙarya ta yi ba. Na yi mata alkawari zan riƙe bakina.

Akwai kuma wani abu da ba kowa zai gane ba sai mai taubashi. Ko da na karya alkawarin, ta yaya zan faɗa masa? Mutumin da ban taɓa gaya wa magana ɗaya a miƙe ba tun yarinta. In na ce masa akwatin nan makaho ne ran Litinin, zai ɗauka tsiyar ce ta sake riga, ko ya ɗauka tausayi ne, wanda ya fi tsiyar muni. Daga bakin Uwani kaɗai zai yarda, garin kuma ba zai yarda ba sai daga bakin buro. Sannan abin da ke hannunmu duka duka ban sani ba ne, ba abin wanke shi muke da shi ba.

Shekaranjiya na je kamar kullum. Ruwa ya fara sauka, an ce wasu daga cikin waɗanda suka tafi kudu sun fara komawa garin don shuka. Na tarar ya wanke babbar rigarsa ya shanya. Ya ce in zauna, ya kira ni da sunana na yanka, wanda ban ma san ya sani ba. Ya ce ya yi ta tunani, kullum sai ya sake hawan tudun nan a ransa. Da yana ganin alamar kore sarai, yanzu in ya rufe ido wani lokaci ya gan ta, wani lokaci babu. Ya ce rana ta yi zafi a ranar, gilashin wayar na ƙyalli, idonsa kuma ba na da ba ne. Ya ce inji ba shi da dangi ba shi da abokin gaba, kuma 'yarsa ce ta duba, ba za ta zalunce shi ba. Saboda haka ya yarda, shi ne bai danna ba. Ya yanke shawara zai koma garin ranar kasuwa, lokacin da kowa ke nan, ya tsaya a gaban mai gari da waɗanda suka binne 'ya'yansu, ya ce shi ne, su yafe masa tun bai je kabari da hakkinsu ba. Ya ce ba ya son zuwa shi kaɗai, ƙafa ba ƙarfi, kuma ba shi da wanda zai roƙa sai ni. Yana faɗa fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin ya dawo.

Na dawo na gaya wa Uwani. Ta tashi ta shiga ɗaki. Jiya ta je aiki ta dawo, na dube ta, ta girgiza kai. Ban matsa mata ba, na ga idonta.

To ga inda nake jama'a. In na gaya wa Kyari, na ci amanar 'yata, kuma na san shi, ba zai iya ɓoyewa ba, magana za ta kai buro ta wata hanya kafin ita ta kai, ta zama wadda ta sani ta rufe. In na yi shiru, zan tsaya a gefensa yana ɗaukar kayan da mai yiwuwa ba nasa ba ne, kuma maganar da aka faɗa a gaban uwar da ta rasa ɗa ba a komawa a ce a maido ta, ko da direkta ya zo da kansa bayan kaka. Abin da ya fi rikita ni ma, mutanen nan na san su, in ya roƙa za su yafe, za su ba shi tabarma, mai yiwuwa ya koma ɗakinsa ya yi shukarsa kusa da inda matarsa take. Ni kuma abin da zan ba shi a madadin wannan, watakila ka aiko watakila ba ka aiko ba. Anya ba mayar da shi kan tudun zan yi ba, ya ƙare rayuwarsa yana leƙen gilashi?

Malaman cikinku, ya halatta in bar mutum ya amsa laifin da bai tabbata a kansa ba, ina sane, don na ga zai samu natsuwa? Masu aikin injuna, da gaske babu wani wurin da za a tono sawun saƙon, ko a kamfanin waya? Uwani ta ce lokaci ya wuce, amma yarinya ce a firgice, ƙila ku kun san wata hanya. Ku mata masu aikin buro kuma, in ta je ta faɗa da kanta gobe, korarta za a yi, ko tsoro ne ke ƙara mata girman abin? Kuma ni uba ne, ina da ikon in ce mata tashi mu je Birni yanzu, za ta tashi, amma ban sani ba ko ina da wannan hakkin a kan wadda ke ciyar da ni.

Kasuwar jibi ce. Ya ce in same shi a tasha bayan sallar asuba, motar farko za mu shiga, in riƙe masa sanda in zai hau. Na riga na ce masa to. Don Allah ku gaya mini abin da zan ce masa kafin mu sauka.